Mati Mai Sauraron Rumbu

A Ɗan Marke, wani ƙauye tsakanin Kunci da Tsanyawa inda gonar wannan ke dafe da ta wancan, har jaki ba ya iya birgima bai shiga haƙƙin mutum biyu ba, an yi wani magini ana ce masa Mati Mai Rumbu. Bai taɓa gina soro ba, bai taɓa gina masallaci ba, gidansa ma da zana ya kewaye shi. Shi dai rumbun ƙasa, wanda wasu ke kira rufewa: ƙaton tulu zaune kan duwatsu, ciki kamar na mai wata tara, baki a sama, an kifa masa jinka kamar malfa. Katangar kuwa ba ta wuce kaurin yatsu uku ba. In ka tambaye shi me zai hana ya ƙara mata kauri kowa ya huta, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Kai da aka ƙara maka kaurin wuya, me ka tsinana?" Sai ya ga ka kumbura tukuna zai yi maka bayani: katanga mai kauri nauyin kanta ke karya ta, ga riƙon danshi, siririya ita ke shan iska, hatsi ya shekara a bushe.

Sai dai siririyar katanga tana da halinta. In gara ta bi ciyawar da aka cuɗa da yumɓun ta cinye ta ciki, ko wata 'yar tsaga ta laɓe ƙarƙashin yaɓe, ido ba ya gani. Za a zuba tsaba lafiya, a rufe, a yi hamdala. Sai damina ta yi tsaka, lokacin da na gona bai nuna ba na kasuwa kuma ya fi ƙarfin talaka, tsagar ta buɗe baki, ruwa ya sami hanya, gero ya tsiro ya ruɓe a inda aka ba shi ajiya.

Maganin wannan shi ne abin da Mati ya koya wurin kawunsa Usaini, wanda ya riƙe shi tun yana ɗan ƙarami. Ranar da za a zuba tsaba a rumbu, tun da sanyin safiya kafin iska ta taso, a kore kaji, a kai awaki bayan gida, a roƙi maƙwabta su jingine taɓare. Sai Mati ya zauna ya manna kunnensa a jikin rumbun, ya ɗaga hannun dama sama inda mai zuba zai gani daga kan tsani. Hannu a buɗe, a ci gaba da zubawa. Ya dunƙule, a tsaya. Domin katanga in ta ɗauki kaya magana take yi, 'yar ƙaramar magana wadda ba ta kai ƙarar kashe kwarkwata ba. Lafiyayyen rumbu yakan yi ɗas a nan, can an jima ya yi ɗas a can, kamar tsoho yana gyara zama a tabarma, kuma da an daina zuba sai ya yi tsit. Mai ciwo shi ne zai tattara ƙorafinsa wuri guda, yana yi yana ƙara sauri, an daina ɗora masa kaya amma shi bai daina ba. Kawu Usaini yakan ce rumbu ya fi ɗan'adam mutunci, ba ya fashewa sai ya yi sallama.

Bayan sana'ar, kawun ya ba shi 'yarsa Luba. To ka san tsakanin ɗan mace da 'yar namiji akwai wasan taubasai, kuma Luba ba ta ga dalilin da ɗaurin aure zai warware mata haƙƙinta ba. Matan ƙauyen suna ce wa mazansu Malam ko Maigida, ita kuwa Bawa take ce masa, wai ai gadonsa ta yi. Shi kuma 'Yar Kawu. Ta haifa masa 'ya'ya, wasu suka rayu wasu suka koma, gashinta ya yi fari, bakinta bai tsufa ba. Mace ce da in ta shiga gidan suna ba a buƙatar maroƙiya. Saboda haka ba ta taɓa zuwa wurin sauraron rumbu ba. Mati ya ce gara ya tafi da zakara.

Sai shekarun fari suka zo. Damina ta farko ta yi alkawari ta saɓa, ta biyu ko alkawarin ba ta yi ba. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Aka ci iri, aka ci tafasa da ganyen yaɗiya, aka sayar da awaki a kuɗin kaji, maza suka watsu Kano neman dako. Rumbunan da Mati ya gina suka zauna fayau, ɓeraye ma suka yi ƙaura. Wa zai kira mai sauraron rumbu alhali cikin kowa ya ishe shi sauraro? Ya koma saƙar igiya yana kaiwa kasuwar Tsanyawa, wata rana ya dawo da tiyar garin rogo, wata rana ya dawo da igiyarsa.

A bazarar ƙarshe ta wahalar nan sanƙarau ya ratsa ƙauyen. Ya ɗauki Nababa, aminin Mati tun suna kiwon awaki. Mati ma ya kwanta, har an fara maganar inda za a samo likkafani, sai Allah Ya tashe shi. Ya tashi da ransa da ƙafafunsa, amma kunnuwan ciwon ya tafi da su. Abin da ya bar masa shi ne wani shuu a cikin ka, kamar ruwan sama a garin da ba naka ba. Sai an kafa masa baki a kunnen hagu an kwarma kafin ya tsinci wani abu.

Kowa a Ɗan Marke ya san wannan, kuma ba wanda ya faɗa. Ta ina yaro zai dubi dattijo ya ce masa ya kurmance? Shi ma bai faɗa ba. Ya dai shirya amsa guda ya riƙe, duk wanda ya motsa baki a gabansa sai ya ce, "Lafiya lau, madalla." Aka gaya masa jakin liman ya faɗa rijiya, ya ce lafiya lau, madalla. Mutane suka karɓa, suka yi masa kara, suka wuce.

Da Allah Ya nufa ruwa ya dawo, aka shuka irin da aka samu, gero ya yi kyau har tsofaffi na tsayawa bakin gona suna share ido. Asama'u, matar marigayi Nababa, ƙanin mijinta Iliyasu ne ya haɗa mata gayya aka nome gonar marayu. Abin da ta samu ba shi da yawa a idon mai shanu, amma in an yi tattali zai kai ta da 'ya'yanta wata kakar, kuma bayan shi ba ta da ko tinkiya. Ta ƙi barin shi a dami, don yunwa ta koya wa wasu zare dami ta ƙasan rumbun zana. Ta sussuke shi tas, ta shiƙe, ta ce a rufewa za ta zuba, wadda Mati ya gina wa mijinta shekarar da aka kawo ta, wadda kuma tun da fari ya zo ba ta ga ƙwaya ba.

Da kanta ta zo ta durƙusa a zauren Mati. Bai ji abin da ta ce ba, amma ya ga bakinta ya ce Baba, ya ga ta zana cikin rumbu a iska da hannuwanta biyu. Ya so ya ce mata ta nemi wani. Wane wanin? Daga nan har Kunci ba mai wannan aikin sai shi. Ita ma ta san halin da kunnensa ke ciki, amma tsallake aminin mijinta ta zuba hatsi ba tare da shi ba, ai kamar ta tsaya a dandali ne ta yi shelar cewa ya ƙare. Shi yana jin kunyar ƙi, ita tana jin kunyar fasawa, geron marayu yana tsakani.

"Lafiya lau, madalla," in ji Mati.

Ranar zubi aka yi komai yadda aka saba. Aka kore kaji, taɓare suka yi shiru, Iliyasu ya hau tsani, maza biyu na miƙa masa masaki. Luba ta biyo sahu, wai ta zo taya Asama'u tsince tsakuwa. Mati ya harare ta, ta mayar masa da harara biyu, ta sami turmi ta kife kusa da rumbun ta zauna.

Ya yi bisimilla ya manna kunnen hagu, ya ɗaga hannu a buɗe. Ƙasar da sanyinta a kumatunsa, ƙamshinta ma bai sake ba. Duk masakin da aka juye yana jin dirinsa a ƙashin muƙamuƙi. Amma 'yar maganar nan da ya zo dominta, babu. Shuu kawai. Ya danna kunnen har ya yi zafi, ya riƙe numfashi, ya juya na dama. Shuu. Ya fara lallashin kansa: ni na gina shi, da yumɓun kududdufin gabas na gina shi, Nababa na miƙo mini curi yana yi mini tsiya. Irin wannan ginin ba ya cin amana. Hannun nan ya yi masa nauyi kamar na wani, amma ya bar shi a buɗe. Gero ya wuce gindi, ya kama hanyar ciki.

"Iliyasu! Sarara da masakin nan haka."

Luba ce, a wurin da ko tari ba a yi. Iliyasu ya tsaya da masaki a hannu yana duban Mati, yana duban ta.

"Inna, ai hannun Baba a buɗe yake."

"Na gani, ba makauniya ba ce. Bawana ya shanya uwargijiyarsa a rana shi ya shige inuwa, a garinku haka ake yi? Bari ni ma in zauna a inuwar tukuna."

Da wata matar ce da an ce ta yi wa mijinta rashin ɗa'a a gaban maza. Amma wa zai shiga tsakanin taubasai? Mazan suka yi 'yar dariya. Ta taso tana dafa gwiwa, ta zauna dab da shi, ta jingina kanta a jikin rumbun kamar mai neman sanyi. Mati ya ga an daina zuba, ya ga mutum a gefensa, ya buɗe baki zai yi faɗa. Sai ya ji ta jawo hannunsa na hagu, ta yafa gefen mayafinta a kai, ta buɗe tafin. Farcenta ya sauka a tsakiya. Ɗas. Shiru. Ɗas, ɗas. Ɗas-ɗas-ɗas.

Da farko ya ɗauka wani sabon wasan ne ta ƙirƙiro don ta kunyata shi. Ya dubi fuskarta. Idonta a rufe, bakin nan a tsuke, goshi a tattare. Tun tana 'yar tallan ƙuli bai taɓa ganin fuskar nan haka ba. Farcen ya sake sauka, sai tafin hannunsa ya gane maganar da kunnensa ya kasa kamawa. Ya dunƙule hannun dama.

Sannan ya sunkuya kusa da ita ya yi mata raɗa. Shi dai a nufinsa raɗa ce.

"KAR KI BARI SU GANE!"

Kurciyoyin kan marke suka watse. Iliyasu ya ɗaga kai yana nazarin sama kamar an aike shi duban wata. Masu miƙo masaki suka shiga gyaran ɗamara. Asama'u ta sunkuya kan faifai tana tsince tsakuwar da ba ta nan.

"Ba wanda ya gane, Baba," in ji Iliyasu daga kan tsani, da ladabi.

Mati ya ce a dakata, kowa ya tsaya inda yake. Yanzu ne za a san gaskiya, tunda an daina ɗora kaya. Ya rufe ido ya bar hannunsa a nata. In gyaran zama ne, farcen zai riƙa jinkiri har ya tsaya. Aka jima, aka ƙara jimawa. Farcen bai tsaya ba.

Ya miƙe ya jawo ta suka fara zagaya rumbun, taku kaɗan su tsaya ta manna kunne, hannuwansu na cikin mayafi har yanzu, kamar ango da amaryar da suka makara. Ta gefen ƙofar gida farcen ya yi sanyi, da ƙyar yake taɓa fata. Ta gefen turken awaki ma haka. Da suka zagayo bayan, wajen danga, inda rana ba ta cika leƙawa ba, sai ya soma sauka da ƙarfi, a jere, kamar kaza ta sami tsaba.

"Wace iri ce?" in ji Mati, har yanzu da raɗarsa mai tada unguwa. "Busasshiya, kamar an karya kara? Ko mai taushi, kamar an taka ɓawon gyaɗa?"

Luba ta rasa yadda za ta faɗi wannan da farce. Sai ta kama fatar hannunsa ta mintsina da gaske.

"Wayyo! 'Yar Kawu, wannan rumbun ne ko tsohuwar ƙullalliya?"

Ta kafa baki a kunnensa na hagu. "Rabi da rabi!"

Ya sa ta miƙe tsaye ta saurara, ya sa ta durƙusa, ya sa ta rusuna, tana yi tana mitar cewa ubanta bai ba da ita aure don a mayar da ita ƙadangaruwa ba. Ƙasa da tsakiyar cikin kaɗan, nan farcen ya haukace. Mati ya zare hannunsa, ya ciro 'yar wuƙarsa ya kankare yaɓen a hankali. Ɓawon ya ɓalle da sauƙin da bai kamata ba. A ƙarƙashi ga hanyoyin gara nan sun yi zane, duk ciyawar da ke riƙe da yumɓun sun zuƙe ta, ga wata tsaga siririya kamar silin gashi ta miƙe sama ta kai tsawon kamu. Suna kallo wata 'yar ƙasa ta zubo daga cikinta.

Asama'u ta matso ta duba. Ta nemi ƙasa ta zauna, ta ja mayafi ta rufe fuska.

"A kwashe," in ji Mati. "Amma kar wanda ya shiga ciki. A fara yi masa ɗamara da igiya, sannan a zura ƙwarya."

"Yanzu duk dakon nan da muka sha," Iliyasu ya fara.

"Kai dai sauko, ɗan nan," in ji Luba. "Dakon da ka yi wa Kanawa shekara biyu wa ya ji bakinka?"

Ana cikin ɗaure rumbun Mati ya je ya tsaya gaban Asama'u. Wannan karon bai yi niyyar raɗa ba.

"Asama'u, ni ban ji komai ba. Tun ciwon nan ba na ji. Hannuna a buɗe yake, kin gani da idonki, da an biye mini da an cika shi an rufe. Abincin 'ya'yan Nababa. Na san ba na ji na zo na zauna."

Ta buɗe fuska, hawaye sun jiƙa ta. "Baba, ai mun sani. Mu ma da muka kira ka mun sani. Laifin namu ne gaba ɗaya, ka daina faɗa."

Ya juya wurin matarsa. "Me ta ce?"

Luba ta share idonta da bayan hannu, ta jawo kunnensa. "Ta ce ka cika surutu, ka je ka kwaɓa ƙasa!"

Ya kuwa kwaɓa. Ya yanke wurin da ya ruɓe har sai da ya kai ga lafiyayyar ƙasa, ya tone gidan garar da ke gindin danga, ya jiƙa sabon yumɓu da ciyawa ya bar shi ya tsima, ya riƙa ɗora shi kaɗan-kaɗan, na yau ya sha iska kafin na gobe ya hau. Duk tsawon aikin geron na ɗakin Asama'u cikin buhunan aro, a kansu take shimfiɗa tabarmarta. A hanyar gida wata rana ya tambayi Luba yadda aka yi ta san abin saurara. Ta kwarma masa cewa tun tana 'yar mitsitsiya takan kwanta a bayan babanta in yana aiki, ta sha jin ɗas-ɗas ɗin nan, ita dai ba ta san wanne ne na mutuwa wanne ne na gaisuwa ba. Suka yi tafiya mai nisa. Can ya ce ashe shekara da shekaru da kayan aiki a gida yana ciyar da shi a banza. Ta ce kayan aikin ne ke da shi.

Ranar zubi na biyu ba a yi wani ɓoye-ɓoye ba, ko da yake mayafin na nan a kan hannuwan, don tsufa bai kashe kunya ba. Farcen ya sauka nan da can, ya yi jinkiri, ya ƙara jinkiri, ya kwanta a tafinsa bai sake motsi ba. Aka cika rumbun har wuya, aka liƙe baki, aka kifa jinka. Daga shekarar nan duk mai son a saurara masa rumbu ya san mutum biyu zai shimfiɗa wa tabarma.

Amma Mati bai saki jiki ba, don ya san rani ba ya tona asirin gini. Damina ta zo da ƙarfinta, a tsakiyarta aka yi wata marka da ta wuni ta kwana ta sake wuni, katangu na zubewa a unguwa. Ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ruwa na tsagaitawa ya kifa buhu a ka ya kama hanya cikin taɓo, Luba na biye tana faɗa wa bayansa maganganun da Allah Ya taimake shi ba ya ji.

Aka kira Iliyasu ya ɗaga jinka, ya buɗe bakin. Mati ya ce ba na sama yake so ba, a tona can ƙasa, ta gefen danga. Iliyasu ya zura hannu har kafaɗa, ya ciko ƙwarya ya miƙo. Mati ya tusa yatsu a ciki, geron ya zube ta tsakaninsu bai manne ba. Ya shinshina. Ya ɗauki ƙwaya guda ya lalubi turmin haƙorin da ya rage masa, ya ciza. Bai ji ƙarar ba, amma ta ratsa masa muƙamuƙi har cikin ka, busasshiya ƙarau.

Ya miƙa wa Asama'u ƙwaryar da hannu biyu.

"Je ki daka wa yara," in ji shi.